Ubbo da Farfelar Surukinsa

A ƙauyenmu na Uppenloog, nan Firisiya ta Gabas a ƙasar Jamus, a bakin Tekun Arewa, babu gidan da Ubbo Rewerts bai san cikinsa ba, kuma ta sama ya san su. Sana'arsa sharar bututun hayaƙi. Tun yana saurayi yake yawo da baƙaƙen kaya masu maɓallai ruwan zinariya, da doguwar hula, da tsani a kafaɗa. Mutanenmu sun yarda taɓa maɓallin mai wannan sana'a yana kawo sa'a, don haka ba ya wuce ƙofar coci ranar ɗaurin aure sai an ja masa riga. Matarsa Frauke takan ce, "Kowa ya taɓa ya samu. Ni da nake ɗinke maɓallan in sun tsinke, har yau ina jira."

Hawan rufin mutane ne ya jefa shi cikin abin da ya cinye masa rabin rayuwa. A wannan gida ya tarar an rufe akurkin kaji da fatar fiffiken jirgi, har da ragowar tauraron Amurka a jiki. A wancan, kwamin da shanu ke shan ruwa rabin tankin man jirgi ne. Wata tsohuwa ta nuna masa rigar da aka yi wa 'ya'yanta duka baftisma a ciki, ta ce da yadin laimar sauka ta ɗinka ta. Lokacin yaƙin Hitila, ta kanmu manyan jiragen Amurka ke bi in za su zuba bama-bamai a tashoshin jiragen ruwa, ƙananan jiragen Jamus kuma su tashi daga filin da ke bayan gari su tare su. Abin da ya faɗo, manoma su kwashe. Mutumin Firisiya ba ya barin ƙarfe ya lalace a banza.

Sai Ubbo ya kama tambaya: "Wannan wa ya harbo shi?" Gida ɗaya a ba shi suna, gida na gaba a ba shi wani, kuma duk a kan jirgi guda. Abin ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

A dokar sojan sama ta wancan zamani, matuƙin da ya ce ya kakkaɓo jirgi sai ya faɗi wuri da lokaci, ya kawo shaida, sannan a ja masa farin layi a wutsiyar jirginsa. Aikin da Ubbo ya ɗora wa kansa shi ne ya ɗauko abin da matuƙan Jamus suka ce sun harbo, ya ajiye kusa da abin da abokan gaba suka ce sun rasa, sannan ya zura takalmin roba ya je gonar ya tsaya ya duba da idonsa.

"Ranar da Amurkawa suka rasa jirgi uku," yakan ce, "namu sun harbo goma sha huɗu. Giwa ɗaya, maharba bakwai."

"Maƙaryata kenan," in ji Okko, tsohon direban motar madara, wanda bai yarda da kowa ba sai karensa.

"Ba duka ba. Ka taɓa ƙirga kaji a akurkin da muzuru ya faɗa? Yaro ne ɗan shekara ashirin, ana harbinsa, sama ta koma ƙasa, fitsari ya matse shi, ya hango hayaƙi can. Ai sai ya ce nasa ne."

"Ni da na ture shingen fasto da mota, cewa na yi ba ni ba ne."

"Don ba a ba da lambar girma a kan shinge."

Da ya yi ritaya abin ya ƙara gaba. Ɗakin 'yarsu ya koma ɗakin taswira. Wata shekara ya yi wa Frauke alkawarin hutu a Italiya, suka kama hanya, ya ce bari ya ɗan leƙa ma'ajiyar takardun soja da ke Freiburg tunda sun zo wucewa. Italiyar da ba ta gani ba kenan. Amma ba ta cika yi masa gori ba, don ta san wasiƙun da ke zuwa daga ƙetare: tsofaffi masu neman sanin inda wansu ko kawunsu ya faɗi. Ubbo yakan nemo gonar, ya ɗauki hotonta, ya aika. "Kowane layi a wutsiyar jirgi ɗan wani ne," haka yake cewa, kuma a nan kaɗai ba ya wasa.

Jirgi ɗaya ne a duk yankin Ubbo bai taɓa bincikarsa ba, shi ne wanda yake zama ƙarƙashin farfelarsa kowace Alhamis.

Mashayar garinmu ta Remmer ce, wan Frauke, ƙaton mutum mai muryar da ke sa gilashin taga rawa. A kusurwa akwai teburin majalisa, inda mu 'yan gida muke haɗuwa da yammacin Alhamis. Kowa da kujerarsa, kowa da kofinsa a kan ƙusarsa. Na Ubbo kaɗai ne kofin shayi a cikin kofunan giya, tun da likita ya sa masa doka. Saman teburin kuwa an rataye reshe guda na farfelar jirgin Amurka, ya fi mutum tsawo, ya ɗan lanƙwashe a baki. Na jirgin da ya faɗi a fadamar bayan gari ne, kuma kowane yaro a Uppenloog ya san wanda ya harbo shi: Eilert, uban Remmer da Frauke, surukin Ubbo.

Remmer ba ya gajiya da labarin. "Baba ya bi shi tun daga teku. Ra-ta-ta-ta! Ya kai shi ƙasa. Sai ya juyo, ya bi ta kan fili yana kaɗa fukafukai, hagu, dama, yadda matuƙi ke yi in ya yi kamu. Makanikai suka ɗauke shi a kafaɗa!" Bayan 'yan makonni Eilert ya karya ƙafa wajen sauka, yaƙi ya ƙare masa da layi ɗaya a wutsiya. Shi kansa tsohon, Allah ya jiƙansa, ba a taɓa jin labarin a bakinsa ba. In aka tayar da zancen sai ya ce, "Shayinku zai huce," ya ja ƙafarsa ya shige kicin.

Farfelar nan ba a yi mata wasa. An yi wani likitan dabbobi ɗan Hanoba da ya taɓa cewa ta fi kama da ta kwale-kwale. Remmer ya miƙe. Ya sauke kofin mutumin daga ƙusa, ya buɗe taga, ya ajiye shi a waje. Har likitan ya bar garin nan, a ƙauyen gaba yake shan giyarsa. Ubbo kuwa kujerar nan ita ce duniyarsa. Remmer abokinsa ne tun suna satar tuffa tare, kuma shi ya tsaya masa har aka ba shi Frauke.

Ana haka sai kwamitin gari ya ce za a kafa allo a bakin fadama, tunda faɗuwar jirgin za ta cika shekara tamanin. Remmer ya ce dole a sa sunan ubansa. Fasto, da ya san inda zai ajiye garwashi, ya ce babu laifi, muddin Ubbo ya tabbatar.

"To, Sarkin Kunkunniya," Remmer ya ce ranar Alhamis, ya dafa tebur da hannu biyu. "Ka tone na Bajamushen Bavariya, ka tone na mutanen da ko sunansu ba ka iya faɗa. Na surukinka fa?"

"Akwai kunya, Remmer."

"Kunya? Ka ci kabejin gidansa shekara da shekaru ba ka ji kunya ba!"

"In na tona, duk abin da na samu shi zan faɗa."

"Me za ka samu ban da abin da ke rataye a kanka?"

Okko ya ɗaga kai ya dubi farfelar. "Ni dai in kai ne, Ubbo, zan matsar da kujerata. Igiyar nan ta tsufa."

Ubbo ya tona. Takardun filin jirginmu sun ƙone a ƙarshen yaƙi. Na Amurkawa sun ce jirgin bai dawo ba, an kama mutum tara, ɗaya ya mutu, wani yaro mai bindigar wutsiya, sunansa Wendell. A abin da ya tsira na Jamus kuwa, matuƙa bakwai ne suka ce su suka harbo shi, can a kan teku. Babu Eilert a ciki.

"Wannan ba hujja ba ce," ya gaya wa Frauke, yana zagaye tebur tana yanka albasa. "Takarda tana ɓata. Shaida nake nema, shaidu kuwa duk suna maƙabartar bayan coci a kwance."

"Je ka wurin Inna Hilke."

Inna Hilke ƙanwar uwar Frauke da Remmer ce, wato Gesine; ta haura casa'in, ita kaɗai take zaune a ƙarshen gari.

"Rabin rayuwata ina share mata bututu, ba ta taɓa cewa komai ba."

"Ka taɓa zama har kofi na uku?"

A wurinmu baƙo kofi uku ne hakkinsa, wanda ya ƙoshi kuma ya sa cokali a cikin kofi, ba sai ya yi magana ba. Mazan dangin nan duk a kofin farko suke jefa cokali a gidan Inna Hilke, don ta fi rediyo surutu.

"Murhuna ba ya hayaƙi," ta ce tun daga ƙofa. "Kai ma ka yi ritaya. Me ya kawo ka?"

"Gaisuwa, Inna."

"Gaisuwa da biskit ɗin kanti? Frauke ta turo ka. Zauna, kada ka taɓa labulena."

Ta jefa dunƙulen sukari a kofi, ta zuba shayi a kai har ya yi ƙas, ta zurara kirim ta gefe. Kofi na farko ya tafi a kan gwiwarta. Na biyu ya tafi a kan waɗanda suka mutu bana da waɗanda ya kamata a ce sun mutu. Hannun Ubbo ya kai kan cokali da kansa, ya tuna, ya janye. Ta gani. Ta zuba na uku, ta ajiye buta a hankali.

"To. Kai ne namiji na farko a dangin nan da ya kai nan. Tambayi."

"Ranar da jirgin nan ya faɗi, Inna."

"Ina riƙe da kwandon wanki, Gesine tana shanya. Gonarmu da filin jirgin shinge ɗaya ne tsakani. Shi Eilert ɗin nan kullum yana ƙofarmu wai sayen ƙwai. Ƙwai, ƙwai, har Babanmu ya ce yaron nan ko ƙyanƙyasa yake a bariki. Ita kuwa Gesine bakinta kamar reza. Ta ce masa, 'Kullum ka ce kana sama. Jiragen nan duk kamanninsu ɗaya kamar hankaki, ina zan san kai ne? Wataƙila ma dankali kake feraye musu a kicin.' Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce gobe ta tsaya wurin shanya, zai gaishe ta."

"Shi babban jirgin fa?"

"Sha shayinka, ina zuwa. Shi kaɗai ya taho daga wajen teku, ƙasa-ƙasa, yana tari kamar tsoho mai lofe. Babu kowa a bayansa sai hayaƙinsa. Ya nemi wuri mai laushi ya kwanta a fadama kamar saniya mai naƙuda. Mutum tara suka fito hannu a sama, suka miƙa wuya ga Babanmu, shi kuwa shebur ne kawai a hannunsa. Ɗaya bai fito ba." Ta kurɓi shayinta. "Can an jima sai ga naku gwanin. Ya sauko kan shanyarmu, ya kaɗa hagu, ya kaɗa dama. Gesine ta ɗaga matashin kai tana tsalle. To su kuma makanikai suna ƙetaren shinge, sun ga hayaƙi a fadama, sun ga mai kaɗa fukafukai. Kafin tayarsa ta taɓa ƙasa an buɗe kwalba, mai fenti ya jiƙa buroshi."

"Bai ce musu komai ba?"

"Ya buɗe baki, suka ɗaga shi sama. Ka taɓa musanta abu kana kan kafaɗar ƙarti shida? Bindigarsa ma ba ta tashi ba ranar, sanyin sama ya daskarar da ita. Mai loda harsashi ya duba ya ga ko ɗaya bai fita ba, amma ya riga ya sha rabonsa na kwalbar, sai ya rufe murfi ya yi gum. Washegari Eilert ya zo shinge fuska kamar alli, ya faɗa wa Gesine komai. Ta yi dariya har ta zauna cikin kwandona. Ta ce, 'Mutumin da zai hargitsa bariki guda don ya gaishe ni, shi zan aura. Amma ka kama bakinka, kada su kai ka kotun soja.' Ya kama. Da yaƙi ya ƙare gari ya riga ya gina labarinsa, shi kuma Eilert ya rasa wadda ta fi kunya: a ce ya kashe, ko a ce ya yi ƙarya."

"Inna, me ya hana ki faɗa duk shekarun nan?"

"Wa ya tambaye ni? Remmer yakan zo nan ya ba ni labarin, ni da nake riƙe da kwandon! Kofi ɗaya, ya jefa cokali, ya gudu."

Da Frauke ta ji, sai da ta zauna a ƙasan kicin don dariya, daga baya kuma ta goge ido da gefen riga. "Baba kenan. Ko kaza ba ya iya yankawa, sai Mama. Je ka gaya wa Yaya."

"Zai sauke kofina."

"To ka rubuta ƙarya a allo."

"Ba zan iya ba."

"Ashe ka san hanyar mashaya."

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, akwai wani abu da ya sani game da Remmer wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Mai hawa rufi yana ganin nesa. Kowace shekara, ranar Lahadin tunawa da mamatan yaƙi, yakan hango Remmer da safe a kan keke, ya nufi fadama da kambun ganye a ɓoye cikin buhu. Mutumin da ke cika baki da farfela ranar Alhamis, shi ne ke kai wa yaron wutsiya ganye a asirce.

Alhamis ta zo. Ubbo ya jira aka zuba masa shayi, ya miƙe tsaye, ya faɗi komai tiryan-tiryan, tun daga ƙwai har zuwa kwandon wanki. Babu wanda ya yi motsi. Okko ne kawai dariya ta kufce masa ta hanci, ya mayar da ita tari.

"Ka gama?" Remmer ya ce, da wata siririyar murya da ba mu san shi da ita ba.

"Na gama."

"Wato ubana mai gaida 'yan mata ne."

"Uwarka ya gaida, Remmer."

"Shaidarka tsohuwar da ke kiran firij ɗinta da sunan marigayin mijinta?"

"Ita ta riƙe kwandon."

Remmer ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, da shayin a ciki yana tururi, ya buɗe taga, ya ajiye shi a waje. Ubbo ya ɗauki hularsa. Muna jin takunsa ya zagaya ta bayan gini, ya ɗauki kofin, ya shanye shayin a tsaye a cikin iska, don shi ba ya ɓarna.

Makonnin da suka biyo baya Frauke ce ta sha wahalarsu. Duk Alhamis sai ya gyara mata abin da bai lalace ba. Ya share bututun gidansu har sau uku. Ya jera mata kayan yaji bisa tsawon kwalba. Majalisa ma ta mutu murus, babu mai musu, Remmer kuma ya daina labarin farfela, sai goge kofunan da ya riga ya goge.

"In ba ku shirya ba," Frauke ta ce, "ni zan ajiye ka a bayan taga."

Ranar Lahadin tunawa, Ubbo ya riga kowa zuwa fadama. Ya zauna a kan kututture, ruwa yana ɗan yayyafi. Can sai ga ƙarar keken da ke neman mai. Remmer ya gan shi, ya taka birki, ya yi ƙoƙarin tura buhun bayansa.

"Dankali ne," ya ce.

"Dankali mai ƙamshin ganye. Fito da shi, tun ina kan rufin makaranta nake ganinka."

"Ɗan leƙen asiri. Shi ya sa ba na son masu tsani." Ya jingine keken. Ya daɗe yana kwance bakin buhun da ba a ɗaure ba. "Na je wurin Inna Hilke."

"Kofi nawa?"

"Huɗu. Ta kulle cokulan a durowa." Ya zauna a ɗaya gefen kututturen, ya ba Ubbo baya. "Ta ce ko harsashi ɗaya bai fita ba."

"Ko ɗaya."

"To yaron nan wa ya kashe shi?"

"Can a kan teku aka same su. Mutum bakwai sun ce su ne. Zaɓi wanda ka ga dama, ko ka ce yaƙi."

"Amma ba Baba ba."

"Ba Baba ba."

Remmer ya zaro hankici ya fyace hanci, har agwagin fadama suka tashi. "Ina yaro na ji Mama tana cewa ɗan shekara goma sha tara ne. Tun daga ranar nake ganin akwai abin da gidanmu ya ɗauka. Baba ba ya magana, na ce to abin ne ke cinsa. A mashaya in yi ta ihu don kada kowa ya ga... kai, ka gane dai." Ya juya kambun a hannunsa. "Yanzu wannan fa? Shekara da shekaru ina kawowa da sunan wanda bai yi komai ba."

"Yaron dai har yanzu a nan ya mutu. Ajiye masa."

Ya ajiye. Suka tsaya, hula a hannu, ruwa yana sauka a kan sanƙonsu biyu.

"Kai mugun suruki ne," Remmer ya ce daga baya. "Da ka zauna ka sha shayin tsohuwar nan tun muna da gashi, da ka hutar da ni."

"Kai ma ai kana da baki."

"Rufe naka. Ina kofin?"

"Yana gida."

"Ka zo da shi Alhamis. Ka wanke shi, ƙusata ba ta ɗaukar kunkunniya."

An kafa allon da bazara. Sunan Wendell ne a jiki, da shekarunsa, da cewa a nan jirginsu ya sauka. Remmer da kansa ya ce kada a ƙara komai. Farfela tana nan inda take, Okko ya sa an canja mata igiya.

Labarin ne dai ya canja hannu. Yanzu duk baƙon da ya shigo ya ɗaga kai, Remmer zai ajiye tsumma ya zagayo. "Wannan? Ai ubana ne kaɗai matuƙin da ya taɓa tayar da bariki guda saboda mace!" A watan farko sau biyu Eilert ya kaɗa fukafukai. Kafin kaka sun koma bakwai. Makanikai shida sun zama ashirin, kwalba ta zama ganga. Alhamis ɗin da ta wuce, gaban wasu masu yawon keke daga Holan, jirgin ya sauko ƙasa har iskar farfela ta cire wa Gesine ɗankwali, ya maƙale a wutsiya, aka sauka da shi a fili.

Okko ya zunguri Ubbo. "Malam mai bincike, kana ji fa."

Ubbo ya yi gyaran murya. Remmer ya tsaya, ya dube shi, ya dubi taga.

"Ɗankwalin nan," Ubbo ya ce, "wane launi ne?"

"Shuɗi."

"Makon jiya ja ne."

"Biyu ta ɗaura. Ana sanyi."

Ubbo ya jinjina kai kamar mai auna maganar. Ya ɗauki cokalinsa ya ajiye can gefe, nesa da kofi, ya tura kofin gaban Remmer.

"Ƙaro," ya ce. "Sai me ya faru?"